Lada, Tukuici da Yabo: Matsayin Ɗalibin da ke Yi wa Jama'a Hidima a Ƙasar Kabi



An nemi in yi magana a kan sukolashif da lambobin yabo da ake ba ɗaliban manyan makarantu waɗanda suke haɗa karatunsu da yi wa jama'a aiki. Da takardar gayyata ta iso mini sai na ce a raina, ai wannan aikin malaman sashen ilmi ne, ko kuwa na masu tsara kasafin kuɗi. Amma da na zauna na duba al'amarin sai na ga malamin Hausa ma yana da ta cewa, domin rabin rikicin a cikin kalmomi yake. Saboda haka da kalmomi zan fara.

Bahaushe yana da sunaye dabam-dabam na aikin da mutum ke yi a gonar wani. Idan an yi ciniki a kan wuni, ƙwadago ke nan. Idan an yi ciniki a kan aikin dungum, a ce nome mini wannan gona a kan kaza, jinga ke nan. Idan kuwa ba a yi ciniki ba sam, sai dai aka aika wa samarin gari cewa ran kaza za a taru a gonar wane, to wannan ita ce gayya. Ɗan gayya ba ya karɓar ko anini, amma kuskure ne a ce ba ya samun kome. Ana dama masa fura, ana raba masa goro, makaɗi yana biye da shi yana kiran sunansa da na ubansa, 'yan mata suna kallo daga bakin gona su ga wanda ya fara fid da kunyarsa. Ranar da tasa gonar ta fi ƙarfinsa, shi ma gari zai fito masa.

Abin da ake bayarwa shi ma sunansa ba ɗaya ba ne. Kalmar lada tana ɗauke da ma'ana biyu: akwai ladan da ake biyan mai aiki a hannu, akwai kuma ladan da ake fata wurin Ubangiji, sai an dubi zance kafin a san wanne ake nufi. Tukuici kuwa wani abu ne dabam. Shi ne ɗan abin da ake miƙa wa ɗan aike idan ya kawo kyauta. Ba farashin kyautar ba ne, bai ma kusa da ita ba, ba a kuma cinikinsa, amma rashin bayar da shi abin kunya ne. Shi ya sa aka ce yaba kyauta tukuici. Sa'an nan akwai yabo na bainar jama'a, wanda ƙolinsa shi ne naɗi, kamar yadda manomin da ya ɗauki dami dubu yakan kai ga sarautar noma. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, ɗalibin da ya bar ɗakin karatu ya tafi ƙauye ya yi wa mutane aiki, me ya kamata a ba shi: ladan jinga, ko tukuici, ko yabo? Amsar da muka ba wannan tambaya ita ce za ta nuna irin ɗaliban da za su fito, da irin aikin da za su yi.

Abin da ake nufi da koyo ta hanyar hidima

Ba kowane aikin ɗalibi a waje ne ya shiga wannan babi ba. Ɗalibin kwalejin horon malamai yakan fita koyon koyarwa. Ɗalibin fasaha yakan tafi masana'anta a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda Asusun Horon Masana'antu ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Waɗannan duka don amfanin ɗalibin aka shirya su, abin da makaranta ko masana'anta ta samu rara ce kawai. A ɗaya gefen kuma akwai aikin sa kai zalla, kamar ƙungiyar ɗalibai ta share maƙabarta ko ta kai ziyara asibiti. Wannan jama'a ke amfana, amma ba ruwan malami da shi, ba ya shiga jarrabawa.

Abin da muke magana a kai yana tsakanin biyun, kuma sharuɗɗansa uku ne. Na farko, bukatar ta fito daga bakin mutanen gari. Na biyu, aikin ya dace da fannin da ɗalibi yake karantawa. Na uku, ɗalibi ya komo aji ya rubuta abin da ya gani, malami ya tuhume shi a kai, a ba shi maki. Sunan da Turawa suke kiran wannan tsari da shi a Amurka aka ƙago shi wajen 1967, ta hannun Robert Sigmon da William Ramsey, tushensa kuwa ana mai da shi ga ra'ayin John Dewey, wanda ya ɗauka cewa mutum da aikatawa yake koyo, muddin ya tsaya ya yi tunani a kan abin da ya aikata.

Sunan ne baƙo, abin ba baƙo ba ne. Almajirin tsangaya yana noma gonar malaminsa, gardi yana biya wa ƙolo karatu, kuma ba wanda yake ganin wannan ya fita daga neman ilmi. Misalin da ya fi kama da zancenmu shi ne na 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kafa a ƙarni na 19. Mata sukan taso daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin wata dattijuwa da ake kira jaji, su zo su ɗauki karatu, yawanci a cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, su koma su koya wa matan garinsu. Ku lura da abin da ake ba jaji. Ba albashi ba ne, malfa ce da jan ƙyalle, wadda Nana take ɗora mata. Masu bincike irin su Jean Boyd sun nuna cewa malfa a dā alamar Innar Gobir ce, watau shugabar bori, sai Nana ta ɗauki alamar da mata suka riga suka san girmanta ta juya ta zuwa ga ilmi. Da wannan malfa jaji take ratsa garuruwa a karɓe ta da mutunci. Nana ta rasu a 1864, amma tsarin ya rayu bayanta shekaru masu yawa. Ni a ganina babu lambar yabon da aka taɓa ƙerawa a ƙasar nan da ta yi aikin da malfar nan ta yi, domin yabo ce kuma izni ce ta ci gaba da aiki.

A zamanin boko ma an gwada. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, wanda Alhaji Ahmadu Coomassie ya yi suna a kansa, inda duk wanda ya iya karatu da rubutu aka nemi ya buɗe aji ya koya wa manya. A 1976 kuma, a ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, an tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka lokacin dogon hutu don su taimaka wajen noma. An yi ta ba'a a lokacin cewa yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba ya zo koya wa tsohon manomi noma. Ba'ar tana da gaskiya, kuma sharaɗin farko ne aka tsallake: ba a tambayi manomi abin da yake bukata ba.

Hidimar ƙasa da lambar Shugaban Ƙasa

Babban misalin da muke da shi yau shi ne shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa da Doka ta 24 ran 22 ga Mayu, 1973, bayan yaƙin basasa. Bari in ɗan ratse. Mutane sun saba cewa “bautar ƙasa”, ni kuwa ban so wannan fassara ba. Bauta ko dai ta bawa ce ko ta ibada, ba kuwa ɗaya daga cikinsu da ta dace da saurayin da aka turo daga Inugu ya koyar da lissafi a Kamba. Hidima ta fi, domin mai hidima yana da 'yanci, ana kuma gode masa.

Waɗanda aka turo Jihar Kebbi a sansanin Dakingari suke fara zama, daga nan a rarraba su cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar. Ban da aikin da aka tura mutum yi, an ware masa rana ɗaya a mako don aikin raya al'umma, yana kuma iya ɗaukar wani aiki na ƙashin kansa, kamar gyaran rijiya ko buɗe ajin manya. Ana biyansa alawus na wata, wanda ya koma Naira 33,000 a 2020, sa'an nan aka fara biyan Naira 77,000 a 2025. Wanda ya yi fice ana iya ba shi lambar yabo ta jiha, daga cikin waɗannan kuma ake tace masu karɓar lambar Shugaban Ƙasa. Ita wannan ba ƙaramin abu ba ce: akwai kyautar kuɗi, da ɗauka aiki kai tsaye a gwamnatin tarayya, da sukolashif na ƙaro ilmi bayan digirin farko. Ku ma'aikata kun fi ni sanin darajar takardar ɗaukar aiki a wannan zamani.

Amma akwai giɓi guda uku. Na ɗaya, yabon yakan makara. Bikin da aka yi a 2025 ya haɗa waɗanda suka yi hidima tun daga 2020 har zuwa 2023 ne, watau wani ya jira shekara biyar kafin a ce masa sannu. Na biyu, hidimar bayan kammala karatu take zuwa, lokacin da ba sauran malamin da zai tambayi mutum me ya koya, saboda haka sharaɗi na uku ya faɗi. Na uku shi ya fi shafarmu a nan. Mai takardar NCE ba ya cikin shirin a yanzu, haka nan wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama. Ke nan ɗalibin NCE na Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, wanda shi ne zai ƙare rayuwarsa a makarantar ƙauye, ba shi da hanyar kaiwa ga wannan lamba kome irin aikin da ya yi.

Abin da fadama take jira

Lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991, ba ta da jami'a ko ɗaya. Yau akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, ga ta Argungu da na ambata. Dubban ɗalibai ke nan zaune a bakin fadamar Rima, fadamar kuwa cike take da tambayoyin da ke neman mai ilmi.

Ɗauki shinkafa. A jihar nan aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015, aka buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017. Manomi da yawa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar bashin da bai iya karantawa ba. Ɗalibin akanta da zai zauna da ƙungiyar manoma daminar farko zuwa girbi, ya koya musu rubuta abin da suka karɓa da abin da suka biya, zai koyi abin da ba ya cikin littafinsa, su kuma ya tsare musu dukiya. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar. Ɗalibin safiyo ko na labarin ƙasa yana iya bin dattawan gari su nuna masa iyakar inda ruwa ya kai a shekaru dabam-dabam, ya zana taswira ya bar wa hakimi. Ga tsargiya da ke damun yaran da suke wuni cikin ruwa, wadda iyaye da yawa ba su ɗauke ta ciwo ba. Ga 'ya'yan Sarkawa da na makiyaya da lokacin makaranta bai dace da lokacin sana'ar iyayensu ba.

Mu ma na sashen Hausa muna da namu. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asalinsa na zamani ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Duniya ta san ranar da ake faɗawa Matan Fada da koma da gora. Amma sunayen kifaye a bakin Kabawa, da kirarin Sarkin Ruwa da na Homa, da kalmomin saƙar taru da sassaƙar jirgi, suna cikin kawunan tsofaffi ne, tsofaffin kuwa suna tafiya. Ɗalibin da ya naɗi muryarsu ya rubuta, ya ajiye kwafi a Gidan Tarihi na Kanta, ya kuma mai da wani ya zama ɗan littafin karatu ga yaran garin, ya yi nazarin karin harshe ya kuma yi hidima a tafiya ɗaya. Abin da nake ƙi shi ne a kwashi ilmin tsoho a tafi da shi a sami digiri, shi ko takarda ɗaya bai gani ba.

Yadda wasu suka yi

Ƙasashe sun bi hanya biyu. Wasu sun tilasta. Meziko ta fara tura ɗaliban likita karkara a 1936, daga baya hidima ta zama sharaɗin karɓar digiri. Jami'ar Haile Selassie ta Habasha ta ɗora wa ɗalibanta shekara guda a karkara daga 1964, yawancinsu koyarwa suka yi. Indunusiya ta fara nata a farkon shekarun 1970. Tilas tana da tsada: a watan Oktoba 1966 ɗaliban Darussalam sun yi zanga-zangar ƙin hidimar ƙasa, Shugaba Nyerere ya kori kusan 400 daga cikinsu zuwa gida. A gida Nijeriya, Jami'ar Ibadan ta fara kai ɗaliban likita Igbo-Ora tun 1963, Jami'ar Ilori kuma ta gina koyar da likitancinta a kan zama cikin ƙauyuka.

Amurka ta fi karkata ga kwaɗaitarwa. Shirin Bonner, wanda ya fara a Kwalejin Berea a 1990, yana ɗaukar ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya tallafa masa, shi kuma ya yi wa jama'a aikin kimanin awa goma a mako har ya gama. A shirin AmeriCorps na 1993 an tsara cewa kyautar ilmi da mutum ya samu bayan hidima ba a hannu za a damƙa masa ba, makaranta za a biya wa, ko a rage masa bashin karatu. Lokacin da nake karatun digiri na uku a waje na zauna da wani ɗalibi da yake zuwa gidan yari kowace Laraba yana koya wa fursunoni rubutu. Na tambaye shi nawa ake biyansa, ya ce ba a biyansa, amma da ba don an ɗauke masa kuɗin ɗaki ba, da a gidan abinci zai ƙare Larabar yana wanke kwanuka.

Haɗarin kyauta

Maganar wannan ɗalibi ita ce hujjata ta goyon bayan sukolashif. Sa kai yana bukatar lokaci, lokaci kuwa ɗan mai hali ne yake da rararsa. Ɗalibin da yake tuƙa babur ɗin haya da yamma don ya biya rajista ba zai iya tafiya Gulma ko Zauro kyauta ba. Idan yabo kaɗai za mu bayar, to 'ya'yan masu hali za su kwashe shi. Tallafin da zai fanshi lokacin ɗan talaka adalci ne.

Duk da haka kyauta tana iya kashe abin da aka so ta raya. A 1970 wani masani ɗan Ingila, Richard Titmuss, ya kwatanta ƙasar da ake ba da jini kyauta da wadda ake saye, ya kawo hujja cewa saye yana korar masu bayarwa don Allah, yana kuma jawo jinin da ba shi da inganci. An yi ta gardama a kan hujjojinsa, amma manomin Kabi ya san zancen tun kafin a rubuta shi. Garin da aka fara biyan 'yan gayya kuɗi, ba a daɗe ba gayya ta koma ƙwadago, gwauruwar da ba ta da abin biya kuwa gonarta ta zauna a ciyawa.

Na ga irin wannan da idona a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Wani mai hidima ya tara gudummawa ya gina ɗan ɗakin karatu, ya shafa fenti, ya kafa allo mai ɗauke da sunansa da lambarsa, aka zo aka yanka kirtani aka ɗauki hoto. Bayan shekara biyu na koma, na tarar an zuba buhunan taki a ciki. A wannan gari kuwa akwai wata ɗalibata da ta yi hutu uku tana koya wa matan aure karatu a zauren gidansu, har goma sha wani abu daga cikinsu suka iya karanta takardar asibiti da kansu. Ba ta da allo, ba ta da hoto, ba a taɓa kiran sunanta a taro ba. Laifin ba na saurayin ba ne shi kaɗai. Ya duba abin da alƙalai suke iya gani ne, ya ba su shi.

Saboda haka wanda zai tsara irin wannan sukolashif, ko Hukumar Sukolashif ta Jiha ce, ko majalisar jami'a, ko wani attajiri, tambayar da ta fi nawa za a bayar muhimmanci ita ce wa zai yi shaida, kuma yaushe. Ni dai ina ganin shaida ta fito daga baki uku: malamin da ya duba rubutun ɗalibi, da mutanen da aka yi wa aikin, da ma'aikacin ƙaramar hukuma na wannan fanni, malamin gona ne ko na lafiya. A nan a yi hattara, kada “mutanen gari” ya zama mai gari shi kaɗai. Idan ajin mata ne, matan za a tambaya, mace kuma za a aika ta tambaye su. Sa'an nan kada a yanke hukunci ranar buɗe aiki, a bari sai damina ta zagayo a koma a gani ko rijiyar tana ba da ruwa.

Kuɗin kuma a raba shi biyu. Na mota da abinci a ba kowane ɗalibi da ya fita, kafin ya fita, ba tare da gasa ba, wannan shi ne furar gayya. Babban tallafin kuwa a biya shi ga makaranta da sunan ɗalibi. Tun da aka kafa asusun ba ɗalibai rance na tarayya da dokar 2024, wata ƙofa ta buɗe: jiha tana iya cewa duk wanda ya yi hidimar da aka tabbatar, za ta biya masa wani kaso na bashinsa. Wannan ba ya bukatar sabuwar ma'aikata, yarjejeniya ce da ɗan layi a cikin kasafi.

Saura yabo, shi kuwa ba ya cin kuɗi. A rubuta hidimar a cikin takardar sakamakon ɗalibi, da sunan garin da yawan makonnin, yadda ku masu ɗaukar aiki za ku gan ta ku tambaye shi a kanta ranar ganawa. A kuma kira sunansa a inda aka san shi. Takardar da aka miƙa wa yaro a ɗakin taro a Abuja uwarsa ba ta gani ba. Amma da za a ware minti goma a filin bikin Argungu, ko ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gwandu, a kira ɗalibai biyar da sunan iyayensu da garuruwan da suka yi wa aiki, sankira ya maimaita, to kafin la'asar labarin ya isa ƙauyukansu. Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru kowace tana iya ɗaukar nata biyar, a tabbata kuma akwai mai NCE a ciki, akwai mace.